Sunan Taya Ba Shi Ne Awonta Ba: Yadda Ake Nema wa Tsohon Keke Tayar da Ta Dace da Shi

A zaurukan malamai da rumfunan 'yan kasuwa na ƙasar Hausa har yanzu ba a rasa tsohon baƙin keke jingine da bango, irin mai birkin ƙarfe da babbar kariya, wanda ya kai uba makaranta da kasuwa shekara da shekaru, sa'an nan ɗa ya gaje shi. Ƙarfensa bai gaji ba. Abin da yakan kwantar da irin wannan keke, galibi, taya ce. Roba ta bushe ta tsattsage, mai keke ya tafi kanti ya ce, "Alhaji, a ba ni taya mai lamba 28." A ba shi, ya biya, ya kai wa mai gyara. Mai gyara ya yi ta fama da liba har gumi ya jiƙa shi, taya ta ƙi hawa. A duba jikinta, ga 28 a rubuce ɓaro-ɓaro. A duba tsohuwar, ita ma 28. Daga nan sai zargi ya tashi. Mai keke ya ce an sayar masa da jabu, mai kanti ya ce rim ne ya lanƙwashe, mai gyara kuwa ya ce ai kekunan da sun daina samun taya. Alhali kuwa babu wanda ya faɗi daidai a cikinsu. Tayoyin nan biyu sunansu ne ɗaya, awonsu dabam.

Wannan ba zai zama baƙon abu ga ɗan kasuwa ba, domin ya san mudun wannan gari ba lalle ne ya zo daidai da mudun wancan ba, ko da yake duka mudu ake kiransu. Wanda ya ƙulla ciniki a kan suna, bai ga ma'auni da idonsa ba, shi yakan koma gida da hasara. Haka al'amarin tayar keke yake. Lambar nan 26 ko 27 ko 28 laƙabi ne. Awon gaskiya yana wani wuri dabam, kuma wanda ya san wurin ba zai ƙara sayen tayar da za ta ƙi kekensa ba.

INDA TAYA TAKE KAMA RIM

A shekarar 1888 wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop, mutumin Sikotilan da ke zaune a birnin Belfast, ya yi rajistar tayar keke mai iska. Tayarsa ta farko manne take da wili, cire ta aiki ne babba. A 1890 wani Bature ɗan Ingila, Charles Kingston Welch, ya fito da dabarar da ake bi har yau: ya sa zoben waya ta ƙarfe a cikin kowane baki na taya, ya kuma yi wa rim kwari a tsakiya. Idan za a sa taya, sai a tura wayar gefe ɗaya cikin kwarin, ɗaya gefen ya sami sararin haye leɓen rim. Da an buga iska, wayar ta tashi daga kwari ta zauna a kan kafaɗar rim, watau ɗan tudun nan da ke tsakanin kwari da leɓe, ta kama shi gam.

To, a nan asirin yake. Roba tana miƙewa, amma wayar ƙarfe ba ta miƙewa. Saboda haka tilas faɗin zoben waya ya zo daidai da faɗin rim a kan kafaɗar nan. In tayar ta gaza da 'yan milimita kaɗan, ba za ta hau ba, kuma wanda ya tilasta mata da liba zai tsinke wayar, ko ya huda tiyub, ko ya lotsa leɓen rim. In kuwa ta fi rim faɗi, wannan ya fi haɗari, domin za ta hau cikin sauƙi har mutum ya yi murna, amma da iska ta cika sai baki ya zame, tiyub ya leƙo waje ya fashe. Sau da yawa ba a gaban mai gyara abin yake faruwa ba, sai an ɗora buhu a kariya an hau hanya.

ASALIN RUƊANIN

Turawan Ingila na farko ba rim suka sa wa lamba ba. Sun auna tsayin wili duka, da tayarsa cike da iska, daga ƙasa zuwa sama, suka ce inci 28 ko inci 26; lamba ta biyu kuma kaurin taya ce. Tun da tsayin duka aka tsayar, ashe ke nan in taya ta yi kauri rim ya ƙanƙance, in ta yi siriri rim ya girma. Mai ilmin hisabi zai iya fitar da wannan da alƙalaminsa. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, inci 28 kuwa ya kama milimita 711. Taya mai kaurin inci ɗaya da rabi, watau milimita 38, tana sama tana ƙasa, saboda haka a ɗebe 76 daga 711, saura 635. Wannan shi ne rim na 28 x 1 1/2, na manyan baƙaƙen kekuna. Amma in kaurin inci ɗaya da rubu'i uku ne, abin da za a ɗebe 89 ne, saura 622. Wannan shi ne 28 na Jamus da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita. Duka 28 ne, amma milimita 13 ke tsakaninsu.

Haka lissafin yake a inci 26, wanda ya kama milimita 660. Kauri ɗaya da rubu'i ya bar 597. Ɗaya da sumuni uku ya bar 590. Ɗaya da rabi ya bar 584. Ɗaya da rubu'i uku ya bar 571. Kaurin inci biyu ya bar 559. Ga rim biyar, kowanne ana ce masa 26, kuma babu tayar ɗaya da za ta zauna lafiya a kan ɗan'uwansa.

Da tafiya ta yi nisa, masu ƙira suka riƙa yi wa rim ɗaya tayoyi masu kauri dabam-dabam, suka bar tsohon suna yadda yake. Daga nan lamba ta rabu da ma'anarta. Shi ya sa ba a dogara ga wannan lissafi a kowane hali: tayar 27 x 1 1/4, alal misali, rim ɗinta milimita 630 ne, ba abin da alƙalami zai fitar ba. Mai karatu ya lura da abin mamaki a nan, watau rim na 27 ya fi na 28 ɗin Jamus girma. Kekunan hawan tudu na zamani masu lamba 29 ma rim ɗinsu 622 ne, ƙasa da na tsohon baƙin keke; masu lamba 27.5 kuwa 584 ne, tsohon awo da sabon suna.

Faransawa kuma suka bi tasu hanya. Su da milimita suke auna tsayin wili, su ce 700 ko 650, sa'an nan su ƙara harafi. Ɗan kasuwan da ke ƙetarawa daga Katsina zuwa Maraɗi, ko daga Daura zuwa Damagaram, zai iya cin karo da wannan rubutu. 700B shi ne 635, 700C shi ne 622, 650A shi ne 590, 650B shi ne 584, 650C kuwa 571. Harafin nan ba ado ba ne, shi ne ke raba su.

Akwai kuma wani tarko da ya fi kama masu ilmi. Wanda ya saba da rabon gado ya san ɗaya da rubu'i uku daidai yake da 1.75, ba ragi ba ƙari. A hisabi haka ne, a taya ba haka ba ne. Tayar da aka rubuta wa 26 x 1 3/4 ta rim 571 ce, wadda aka rubuta wa 26 x 1.75 kuwa ta 559 ce. Lamba mai ɗigo ta fito ne daga kekunan Amurka masu ƙatuwar taya na shekarun 1930, waɗanda samarin Kalifoniya suka mai da su kekunan hawan tudu a shekarun 1970, har awon ya bazu cikin duniya. Wani mashahurin mai gyaran keke na Amurka, Sheldon Brown, wanda ya rasu a 2008, ya shahara da jan kunnen mutane a kan wannan: lamba mai kaso da lamba mai ɗigo, ko sun yi daidai a lissafi, ba sa maye gurbin juna. Kama da wane ba ta wane.

LAMBAR DA BA TA RUƊI

A 1964 masu ƙera taya da rim na Turai suka kafa wata ƙungiya da ake taƙaita sunanta ETRTO, mai mazauni a Beljiyam, domin daidaita awo. Tsarin da ta fitar shi ne daga baya ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 5775. Tsarin ba shi da wuya. Lambobi biyu ne da ɗan karan layi a tsakani, kamar 40-635. Ta farko kaurin taya ce da milimita, ta biyu kuma faɗin rim a kan kafaɗa, daidai inda waya take zama. Lambar farko tana karɓar ragi da ƙari kaɗan. Ta biyu ba ta karɓar ko ɗaya. Galibin tayoyin da ake ƙerawa yanzu suna ɗauke da ita a gefe, ko da an rubuta ta da ƙananan baƙaƙe kusa da tsohuwar lamba.

Ga waɗanda aka fi cin karo da su a tsofaffin kekuna:

28 x 1 1/2, ko 700B: rim 635. Shi ne na manyan kekuna masu birkin ƙarfe, irin su Raleigh da Phillips da Hercules na Ingila, da waɗanda aka ƙera a kan fasalinsu, kamar Hero na Indiya da Phoenix da Flying Pigeon na ƙasar Sin.

27 x 1 1/4: rim 630. Na tsofaffin kekunan gudu na Ingila da Amurka. Kekunan gari na Japan masu 27 x 1 3/8 su ma 630 ne.

28 x 1 5/8, ko 28 x 1.75, ko 700C: rim 622. Na yawancin kekunan gwanjo da ke fitowa daga Turai.

26 x 1 1/4: rim 597. Na wasu tsofaffin kekunan Ingila marasa nauyi.

26 x 1 3/8, ko 650A: rim 590. Na matsakaitan kekunan Ingila masu giya uku, da kekunan gari na Japan.

26 x 1 1/2, ko 650B: rim 584.

26 x 1.75, 26 x 1.95, 26 x 2.125: rim 559. Na kekunan hawan tudu.

Ko a cikin wannan jeri akwai togaciya biyu. Kamfanin Schwinn na Amurka ya yi tasa 26 x 1 3/8 a kan rim 597, a Kanada kuma an yi 28 x 1 1/2 a kan rim 622. Wannan ya ƙara tabbatar da cewa lambar da ke bayan karan layi ita kaɗai ce abin dogaro.

Kada kuma a ɗauka 635 ya ƙare domin an daina haɗa keke a masana'antar Raleigh ta Nottingham a 2002. Indiya da Sin sun ƙera miliyoyin kekuna a kan wannan awo, kuma ana ƙera tayarsa har yanzu. Abin da ya sauya shi ne, da can in an ce 28 a kasuwar Kano ko Zariya kusan abu ɗaya ake nufi, amma da kekunan gwanjo suka yawaita sai wata 28 ta shigo rumfa ta zauna kusa da ta da.

YADDA AKE BINCIKE

Farkon abin yi shi ne a tambayi tsohuwar taya, in dai an tabbata ta zauna daidai a kan rim. A wanke gefenta da ruwa, a karkata ta wajen hasken rana, a juya ta a hankali. In an sami lamba mai karan layi, magana ta ƙare. In ta inci ce kaɗai, a kwafe ta duka a takarda, da kasonta ko ɗigonta da duk harafin da ke biye, kada a ɗauki 26 ko 28 a bar saura. A duba tayar gaba da ta baya kowacce da kanta, domin keken da ya shekara arba'in a hannun masu gyara mai yiwuwa ne an taɓa sauya masa wili ɗaya.

Na biyu, a tambayi rim. Masu ƙira na Ingila sukan buga hatimi a jikin ƙarfen, sau da yawa kusa da ramin bawul. A goge tsatsa a duba. EA3 yana nufin 590, EA1 kuwa 597.

Na uku, in rubutu ya goge ko'ina, sai awo. A cire taya da tiyub, a samo tef mai milimita. A sa wa rim alama a ramin bawul, a gangara shi a kan daɓe mai santsi juyi ɗaya cif, a auna tsawon da ya ci, a raba da 3.14. Abin da ya fita shi ne faɗin rim daga leɓe zuwa leɓe. Amma waya ba a leɓe take zama ba. Saboda haka sai a auna zurfin da ke tsakanin bakin leɓe da kafaɗa, wanda yakan kama milimita 6 ko 7, a ninka shi biyu, a ɗebe. Wanda ya manta da wannan ɗiba zai faɗa rami, domin rim na 622 in an auna shi leɓe zuwa leɓe yakan ba da kusan 635, sai mutum ya rantse tsohon awo ne. Rim na 635 na gaskiya yana haura 645 a leɓe.

Wanda ya fi son ya zagaya rim da siririn tef ko kirtani, ya kula ya ɗora shi a kan kafaɗa, kada ya zame cikin kwari. Kewayen 635 milimita 1995 ne, na 630 kuwa 1979, na 622 shi ne 1954, na 597 shi ne 1876, na 590 shi ne 1854, na 584 shi ne 1835, na 559 kuma 1756. Awon kewaye yana da fa'ida guda: yana ninka bambanci sau uku da ɗoriya, har milimita 5 da ke tsakanin 630 da 635 ya zama 16, abin da ido zai gani sarai.

Hanya mafi sauƙi duka ita ce a kwance wilin a ɗauke shi zuwa kanti, a gwada taya a gaban mai sayarwa kafin kuɗi su fita daga aljihu.

KAURI DA TIYUB DA BAWUL

Bayan an tabbatar da lamba ta biyu, sai a duba ta farko. Tsohuwar ƙa'idar masu gyara ita ce kaurin taya ya kama kamar ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na faɗin cikin rim. Mai ɗaukar kaya taya mai kauri ta fi masa, domin ta fi jure nauyi da ramuka, amma ya duba ko za ta wuce tsakanin ƙarafan keke da murfin da ke kare laka ba tare da guga ba.

Tiyub ba shi da taurin kai irin na taya, tun da roba ne zalla. Sau da yawa tiyub ɗaya yakan yi wa 622 da 630 da 635, kuma akan rubuta haka a kwalinsa. Abin lura a nan bawul ne. Iri uku ne: na Dunlop, wanda tsofaffin kekuna suka zo da shi, na Schrader, irin na mota, da na Presta, siriri, wanda raminsa a rim ya fi na sauran ƙanƙanta. A zaɓi wanda ya dace da ramin rim da kuma famfon da ke gida.

Kafin a sa sabuwar taya, a kankare tsatsar cikin rim, a sake ƙyallen ko robar da ke rufe kawunan wayoyin wili, domin kan waya ɗaya da ya fito ya isa ya huda sabon tiyub. A buga iska kaɗan, a juya wili a duba siririn layin da ke zagaye da gefen taya: in yana bin leɓen rim daidai ko'ina, taya ta zauna, in ya nutse a wani wuri ya ɓullo a wani, a sace iska a gyara. Tsofaffin rim na ƙarfe ba su da ƙugiyar da na zamani ke da ita a cikin leɓe, saboda haka taya mai wayar ƙarfe ta fi dacewa da su a kan mai naɗewa, kuma ba a cika musu iska har ta wuce kima.

Wani yakan ce a huta da wahala, a sauya wilin duka da na zamani. A yi tunani tukuna. Birkin ƙarfe na baƙin keke yana jan robarsa sama ne ta kama cikin rim, wajen da wayoyi suke, kuma irin rim ɗinsa mai faɗin ciki, wanda ake kira Westwood, don haka aka ƙera shi. Rim na zamani a gefe birki yake kama shi. Wanda ya sauka daga 635 zuwa 622 ya kuma matsar da rim milimita shida da rabi daga inda yake. Sai a wayi gari keke ya sami taya ya rasa birki.

GA MAI KANTI

Mai saye sau ɗaya yake sayen taya a shekara ko biyu, mai kanti kuwa kullum ita yake juyawa, saboda haka nauyin sanin nan ya fi hawa kansa. Zai kyautu ya jera kayansa bisa lamba ta biyu, ya rubuta 635 da 622 da 590 da 559 da manyan baƙaƙe a jikin kanta, ya kuma rataye tsohon rim ɗaya na kowane awo don gwaji. In zai aika a sayo masa kaya, ya rubuta 40-635 ko 37-590 a takardar oda, kada ya rubuta 28 ko 26 kawai, domin kuskuren da zai ja wa mai keke hasarar taya ɗaya shi dami guda zai ja masa. In mutum ya zo ya ce a ba shi 28, tambaya ɗaya ta isa: "Malam, keken mai birkin ƙarfe ne, ko na gwanjo ne mai birkin waya?" Amsar za ta nuna masa kantar da zai miƙa hannu, tsohuwar taya ko wilin kuma su tabbatar.

Shi kuma mai tsohon keke, ranar da ya gano lambarsa, ya rubuta ta a bangon zaure ko a bayan littafin lissafinsa, yadda wanda zai gaji keken ba zai sake wannan bincike ba.